Dutse, Lissafi da Suna: Tarken Abubuwan Tunawa da Mamatan Yaƙi Daga Burmi Zuwa Mai Wurno

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga Janairun kowace shekara Nijeriya kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugabanni kan ajiye furanni a gindin mutum-mutumin soja, a busa bigila, a harba bindiga, sannan a saki fararen tattabaru. Wannan salon tunawa da mamatan yaƙi baƙo ne a ƙasar Hausa, domin Turawa ne suka zo da shi. Sai dai baƙuncinsa bai nuna cewa Bahaushe ba shi da tasa hanyar tunawa da waɗanda suka kwanta dama a fagen fama ba.

Wannan takarda ta ɗauki yaƙi ɗaya, wato yaƙin Burmi na 1903, domin duba yadda aka tuna da waɗanda suka faɗi a cikinsa a wurare biyu masu nisan gaske da juna. Wuri na farko shi ne filin dagar kansa, a jihar Gombe ta yau. Na biyu kuwa shi ne garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, a ƙasar Sudan, inda waɗanda suka tsira daga yaƙin suka yada zango. A tsakanin biyun za a ratsa ta Karari, kusa da Umdurman, domin kwatance.

Ra'ayin da takardar ta tsayu a kai shi ne: abin tunawa matani ne da ake iya tarkensa kamar waƙa ko ƙagaggen labari, kuma gaskiyarsa game da asarar rayuka tana ga waɗanda ya ambata da suna da waɗanda ya bari a cikin lissafi. Za a nuna cewa garin Mai Wurno ya fi duwatsun Burmi isar da nauyin abin da ya faru, amma shi ma bai kuɓuta daga naƙasun da ke gare su ba.

2.0 Abin Tunawa a Matsayin Matani

Abin da ake nufi da abin tunawa a nan shi ne duk wani gini, ko kabari, ko rubutu, ko suna da jama'a suka tsayar domin kada a manta da mamatan wani yaƙi. Kamar kowane matani, yana da mai magana, yana da wanda ake yi wa maganar, yana da jigo, yana kuma da zubi da tsari. Mai tarkensa yana bukatar tambayoyi uku: Wa aka ambata da suna? Wa aka mayar adadi? Wa aka yi shiru a kansa baki ɗaya?

Misalai biyu daga ƙasashen Turai da Amurka za su fito da amfanin tambayoyin. A Thiepval ta ƙasar Faransa akwai ginin da aka buɗe a 1932, mai ɗauke da sunayen sojoji fiye da 72,000 da suka ɓace a fagen Somme lokacin yaƙin duniya na ɗaya ba a sami gawarsu ba. A birnin Washinton kuma akwai bangon baƙin dutse da Maya Lin ta tsara, aka buɗe a 1982, mai sunayen Amurkawa fiye da 58,000 da suka mutu a yaƙin Biyetnam. An jera sunayen bisa ranar mutuwa, ba bisa muƙami ba. Ƙarfin waɗannan gine-gine biyu yana ga yawan sunayen: mai ziyara yakan gaji da karantawa tun bai kai ko'ina ba, gajiyar nan kuwa ita ce saƙon. Duk da haka bangon Washinton bai ce komai ba game da mutanen Biyetnam da suka mutu, alhali sun ninka Amurkawan sau da yawa. Haka kuma, a 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a hidimar Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ko ma ba a tuna da su ba sam. Ashe ke nan ko ginin da ya fi kowane yawan sunaye yana da iyakar da ya shata.

A ɓangaren Musulmi kuwa al'amarin ya sha bamban. Shari'a ba ta ƙarfafa ɗaukaka kabari ko ƙawata shi ba. Shahidin fagen fama akan rufe shi da tufafinsa ba tare da wanka ba, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu su wajen 70. Saboda haka aikin da dutse ke yi a Turai, harshe ne ya fi ɗaukarsa a ƙasar Hausa, ta hanyar marsiyya da kirari da addu'a da sanya wa 'ya'ya suna. Abdullahi ɗan Fodiyo ya taskace marsiyyoyin abokansa da suka faɗi a yaƙe-yaƙen jihadi a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat. Wanda duk ya je neman abin tunawa a wurin Bahaushe yana duban duwatsu kawai, zai iya dawowa ya ce bai ga komai ba, alhali abin yana cikin bakunan mutane.

3.0 Waiwaye: Daga Giginya Zuwa Bakin Nilu

Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya hau gadon mulki a watan Oktoba na 1902. Kano ta faɗi a hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairun 1903, sannan ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato, inda bindigogin Turawa suka rinjayi dawaki da masu. Daga nan shugabannin daular suka rabu biyu. Waziri Buhari ya zaɓi ya zauna da sauran jama'a a ƙarƙashin Turawa, har daga baya ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Attahiru kuwa ya zaɓi hijira zuwa gabas. Dama akwai tsohuwar ruwaya da ake jinginawa ga Shehu Usmanu, cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za su yi ƙaura zuwa wajen kogin Nilu su sadu da Mahadi. Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake dangantawa ga Attahiru, a kan wannan jigo na hijira aka gina ta.

Jama'a suka yi ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa: sarakuna, malamai, talakawa, bayi, mata da yara. Daga cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Bida Abubakar da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Tafiyar ta kai su Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da kogin Gongola, wanda ya yi suna a matsayin cibiyar mabiya Mahadi tun zamanin Malam Jibrilla Gaini. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko ta Turawa. Ranar 27 ga Yulin 1903 wata rundunar ta dawo a ƙarƙashin Manjo Marsh. An wuni ana fafatawa. Marsh ya mutu da harbin kibiya mai dafi. A ɓangaren Attahiru kuwa, ƙidayar Turawan da kansu ta haura mutum 600, ciki har da shi kansa da 'ya'yansa biyu. An ruwaito cewa mutum wajen 90 aka samu kwance kewaye da gawarsa. Bayan yaƙin aka ƙone garin.

Wani ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya gabas, ta ƙasar Cadi ta yau da Darfur da Kordofan. Wajen 1906 suka isa Shuɗin Nilu, suka sauka a Shehu Talha, daga bisani suka ƙetara kogin suka kafa gari a gaɓar yamma, kimanin kilomita 15 kudu da Sinnar. Garin nan shi ne Mai Wurno.

4.0 Matani na Farko: Kaburburan Burmi

Filin Burmi, ko Mbormi kamar yadda mutanen yankin ke faɗa, yana kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye. Abin da akan nuna wa mai ziyara a wurin kaburbura biyu ne: na Sarkin Musulmi Attahiru da na Manjo Marsh. Ta fuskar zubi da tsari, wannan matani ne mai ɗango biyu da suka yi daidai da juna: shugaba a nan, shugaba a can. Tsarin yana da daɗin gani da sauƙin riƙewa, shi ya sa littattafan makaranta da masu tallata wuraren buɗe ido suke son sa.

To amma idan aka ɗora shi a kan tambayoyi ukun da aka gabatar, sai a ga daidaiton nan ya ɓoye gaskiya. Mutum biyu aka ambata da suna. Fiye da 600 sun koma adadi, adadin ma daga alƙalamin waɗanda suka kashe su ya fito. Akwai kuma rukuni na uku da aka yi shiru a kansu, wato sojojin baƙar fata da suka yi yaƙi a ƙarƙashin Marsh. Rundunar Turawa ta wancan zamani hafsoshinta ne kawai Turawa. Masu riƙe da bindigogin akasarinsu Hausawa ne da Yarabawa. Wasu daga cikinsu sun mutu a Burmi, amma sunan Marsh kaɗai ya shiga bakin mutane. Labarin da kaburburan biyu ke bayarwa, na cewa Bature ya kara da Sarkin Musulmi, ya tsallake wannan magana mai ɗaci: cewa a ranar an yi ta harbin juna tsakanin masu magana da harshe ɗaya.

Bugu da ƙari, akwai wasu abubuwa biyu da suka fito daga Burmi waɗanda su ma matani ne. Na farko shi ne hoto. Turawa sun sare kan Attahiru, suka ɗauki hotonsa, suka yi ta nuna shi a ƙasar Arewa. Manufar hoton kishiyar ta abin tunawa ce: an yi shi ne domin a kashe labari, a yanke wa masu sa ran dawowarsa ƙauna. Na biyu ita ce tutar Sarkin Musulmi, wadda aka ƙwace, ba a maido da ita ba sai a 1960, shekarar samun 'yancin kai, a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Tuta alama ce ta jama'a gaba ɗaya, don haka ta fi kabarin mutum ɗaya kusa da wakiltar waɗanda suka mutu a ƙarƙashinta. Amma ita ma ba ta ɗauke da sunan kowa.

Abin da ya fi isar da saƙon asara a Burmi, a ganin wannan takarda, ba kaburburan ba ne, kufan ne. Gari ne mai ganuwa da kasuwa da masallaci ya koma fili. Mai ziyaran da ya ɗauke kai daga kaburburan biyu ya dubi wannan fili, ya fi wanda ya tsaya ga rubutu kawai fahimtar abin da yaƙi ya ci.

5.0 Matani na Biyu: Hasumiyar Karari

Ƙasar da mutanen Mai Wurno suka isa ita ma tana da nata Burmin, wanda ya fi nasu girma. Ranar 2 ga Satumbar 1898, shekara biyar kafin Burmi, rundunar Kitchener ta kara da Ansaru, mabiya Mahadi, a Karari, arewa da Umdurman. Ansaru wajen 10,000 suka mutu a safiya ɗaya, yayin da ɓangaren Kitchener aka rasa ƙasa da mutum 50. Daga cikin Ansarun akwai mutanen Yammacin Afirka da suka riga suka shiga tafiyar Mahadi. Bayan nasarar aka rushe ƙubbar kabarin Mahadi, ba a sake gina ta ba sai a 1947.

Abin tunawar da masu nasara suka kafa a filin wata hasumiya ce ta dutse, domin tunawa da hafsa ɗaya da sojoji 20 na wata rundunar mahaya dawaki ta Ingila, wadda Winston Churchill yana matashi ya yi sukuwa a cikinta. Nan ma dai tsarin Burmi ne: dutse ya tsaya wa 21, ya bar 10,000 a lissafi. Wannan maimaici yana nuna cewa abin da aka gani a Burmi ba kuskuren wani mutum ba ne. Ƙa'idar zamanin ce: mai nasara ke riƙe da guduma da kurfi, don haka nasa yake sassaƙawa.

Sai dai mutanen Sudan sun mayar da martani, kuma da harshe suka mayar. Kalmar Karari ta shiga waƙar murnar 'yancin kai da Muhammad Wardi ya rera, ta zama sunan yanki a Umdurman, ta kuma zama sunan jami'a. Yaron da bai taɓa taka filin ba ya san sunan. Wannan dabara ta mayar da suna abin tunawa ita ce za a gani a Mai Wurno, amma ta wata siga dabam.

6.0 Matani na Uku: Garin Mai Wurno

6.1 Ƙirar Sunan

Sunan Mai Wurno harɗaɗɗe ne, an gina shi daga kalmar mallaka "mai" da sunan gari "Wurno". Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a arewa maso gabas da Sakkwato, a can kuma aka rufe shi da ya rasu a 1837. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Mai Wurno. A al'adar Sakkwatawa, laƙabin babban mutum yakan bi duk wanda aka sa wa sunansa, domin alkunya da neman tubarraki: Usmanu ya zama Shehu, Abdullahi ya zama Mai Gwandu, Bello ya zama Mai Wurno. Ɗan Attahiru Bello ne, don haka laƙabin ya hau kansa. Da ya kafa gari a Sudan, sai garin ya ɗauki laƙabin.

Ke nan sunan ya yi zango huɗu: daga gari ya koma laƙabin sarki, daga sarki ya koma kan takwara, daga takwara ya sake komawa gari, a nisan dubban kilomitoci daga inda ya taso. Duk wanda ya furta shi, ko a tashar mota ne, ya ambaci Wurno ta Sakkwato, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin lura a nan shi ne sunan bai ambaci Burmi ba, bai kuma ambaci Attahiru ba. Ya tsallake ranar shan kaye ya koma ga ribaɗi, wato wurin tsayuwa da tsaron addini. Jigonsa ɗorewa ne, ba makoki ba. Idan kaburburan Burmi suna cewa a nan aka tsaya, sunan Mai Wurno yana cewa ba a tsaya ba.

Haka kuma, kamar yadda ruwa da iska ke cinye rubutun dutse, harshe ma yana cinye suna. A bakin masu Larabci kalmomin biyu sun narke sun zama ɗaya, ana cewa Mayirno, ta yadda wanda ba ya jin Hausa ba zai ga "mai" ko "Wurno" a ciki ba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazari mai zurfi a kan yadda Fulatanci da Hausa ke sauyawa a Sudan sakamakon cuɗanya da Larabci. Wannan suna ƙaramin misali ne na babban al'amarin da ya nazarta.

6.2 Yadda Garin Ke Isar da Saƙon Asara

Dutse yana ƙirga waɗanda suka mutu a rana ɗaya. Gari kuwa yana nuna abin da mutuwar ta jawo wa masu rai a tsawon shekaru. Kasancewar masu magana da Fulatanci da Hausa a bakin Nilu, nesa da kaburburan kakanninsu, ita kanta shaida ce cewa wani babban abu ya tumɓuke su. Asarar yaƙi ba gawa ba ce kawai. Har da gonar da aka bari, da dangin da aka rabu da su, da tafiyar shekaru a ƙafa.

Tarihin garin ya ƙara fito da wannan. Mutanen da suka bar gida don gudun mulkin Nasara, sun iske Nasaran a gabansu, domin tun 1899 Ingila da Masar ke mulkin Sudan. Hukumar ta amince da Mai Wurno a matsayin shugaban jama'arsa, domin tana bukatar ma'aikata. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, mutanen Yammacin Afirka, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin noma da tsinkar audugar da ake kai wa masaƙun Ingila. Mark Duffield ya yi cikakken littafi a kan wannan gari da tattalin arzikinsa a 1981. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shardanta cewa asalin mutum ya kasance yana zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Waɗanda suka iso a 1906 sun makara da shekara tara. An sauya wannan sharaɗi daga baya, amma tabon kallon baƙo bai goge da sauyin doka ba. Babu wani dutse a Burmi da zai iya faɗin wannan kashi na kuɗin da aka biya.

6.3 Naƙasu

Adalcin tarke ya wajabta a ɗora Mai Wurno a kan ma'aunin da aka ɗora sauran. Idan aka yi haka, za a ga naƙasu uku.

Na farko, sunan na ɗan sarki ne. Talakawa da bayi da matan da suka ɗauki kaya da goyo daga Gongola zuwa Nilu, da waɗanda suka mutu a hanya, babu su a ciki. Abin da kabarin Attahiru ya yi wa mutum 600 a Burmi, shi sunan ɗansa ya yi wa dubbai a Sudan.

Na biyu, labarin hijirar yana da kwarjinin da yakan danne sauran labarai. Ba dukkan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu ne jikokin mutanen Burmi ba. Da yawa mahajjata ne da suka biyo hanyar ƙasa zuwa Makka suka tsaya neman guzuri, wasu tun kafin 1903, wasu bayanta da shekaru masu yawa. Bawa Yamba ya nazarci irin waɗannan ƙauyuka a littafinsa na 1995, inda ya nuna jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Sudan suna ci gaba da ɗaukar kansu matafiya a hanyar hajji. Mai nazarin da ya mayar da kowane ƙauye reshen Burmi ya yi wa waɗannan rashin adalci.

Na uku, jigon shahada da hijira yakan tausasa zafin asara. Idan aka ce mutum ya yi shahada, an girmama shi, an kuma sanyaya zuciyar danginsa. Amma girmamawar takan rufe ƙofar tambaya: shin akwai wata mafita a 1903? Waziri Buhari ya ga akwai. Abin tunawar da ya tsaya ga yabo kawai ba ya barin mai karatu ya ji nauyin wannan saɓani, alhali a cikinsa ne mutane suka zaɓi rayuwa ko mutuwa.

7.0 Raunin Abin Tunawa Mai Rai

Akwai wani bambanci da shekarun baya-bayan nan suka fito da shi fili. Dutse ba ya gudun hijira. Gari kuwa yana iya watsewa. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma bukatar Hausawa ta samun masarautar gargajiya tasu. Fiye da mutum 100 suka mutu a wannan wata, sannan a watan Oktoba aka kashe wajen 200 a yankin Wad al-Mahi. Dubban iyalai suka bar gidajensu. Tushen gardamar dai shi ne tsohuwar tambayar nan: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo?

Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya tashi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024. Garin Mai Wurno, da yake a kan hanyar da ta haɗa Sinja da Sinnar, ya sami kansa a tsakanin rundunoni biyu. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025.

Waɗanda suka mutu a waɗannan shekaru sun shiga rahotanni a matsayin adadi, kamar yadda mutanen Burmi suka shiga rahoton 1903. Sunayensu suna hannun danginsu. Abin da harshe ya taskace yana rayuwa ne muddin masu harshen suna tare. Idan tsofaffi suka mutu a sansanin gudun hijira, yara suka tashi a wani gari da wani harshe, abin yakan tafi ba tare da an ji ƙararsa ba. A nan aikin ɗalibin harshe ya shigo: naɗar labaran baka, rubuta sunaye da salsala, da taskace waƙoƙi da addu'o'i tun masu su suna raye.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin tarken abubuwan tunawa uku ta amfani da tambayoyi uku. An ga cewa kaburburan Burmi sun ambaci mutum biyu, sun mayar da ɗaruruwa adadi, sun yi shiru a kan sojojin baƙar fata. An ga hasumiyar Karari ta bi wannan tsari, amma mutanen Sudan sun rama da suna da waƙa. An kuma ga cewa garin Mai Wurno ya fi su nuna asarar da ta wuce ranar yaƙi, wato ƙaura da ƙwadago da zaman baƙunci, ko da yake shi ma sunan babba ya ɗauka ya bar ƙanana.

Darasin da ke ciki ga mai nazari shi ne kada ya tsaya ga abin da matani ya faɗa, ya nemi wanda matanin ya bari a waje. Dutse da harshe kowanne yana da inda yake gazawa: dutse yana daɗewa amma yana zaɓe, harshe yana da faɗi amma yana bin ran masu shi. Mutum 90 ɗin da aka samu kewaye da gawar Attahiru kowannensu yana da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Allah ya jiƙansu, su da sauran waɗanda lissafi ya haɗiye.

9.0 Aikin Ɗalibi

1. A zaɓi wani abin tunawa da mamatan yaƙi a garin ɗalibi, ko gini ne, ko kabari, ko sunan unguwa, a ɗora shi a kan tambayoyi ukun da ke sashe na 2.0.

2. A kawo sunayen garuruwa biyar na ƙasar Hausa da suka samo asali daga sunan mutum ko laƙabinsa, a fayyace ƙirar kowanne.

3. A tattauna wannan batu: marsiyya ta fi dutse riƙe amanar mamaci.